Girki Ya Yi Daɗi, To Abin Sha Fa?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a littattafanmu na soyayya. Marubuciya za ta cinye shafi guda tana lissafa girkin da amarya ta shirya wa angonta, ga sinasir, ga farfesun kaza, amma da an zo kan abin sha sai kawai a ce ta buɗe firij ta ɗauko lemon kwali. Haka abin yake a gidajenmu ma, kuma a ganina asara ce.

Ku dubi Faransawa. Ko su biyu ne kacal a gida, sai sun tsaya sun zaɓi giyar inabin da ta dace da abin da aka dafa. Jan nama suna haɗa shi da ja, saboda baurin da take samu daga ɓawon inabi yana yanke maiƙo. Kifi kuma da fara, don ɗan tsaminta. Har hukumar UNESCO ta sanya tsarin cin abincin nasu cikin al'adun duniya a 2010. Mu dai giya haramun ce gare mu, babu ja a nan. Abin ɗauka shi ne dabarar, wato abin sha ya taimaki abinci.

Dama kakanninmu sun san da haka, shi ya sa ƙosai ke tafiya da kunun tsamiya. Zoɓo yana da tsami da ɗan bauri, don haka shi ne abokin farfesun kan rago da duk miya mai maiƙo, in ba a cika masa sukari ba. Soyayyen kifi yana son lemon tsami da citta. Tsire ko balangu mai yaji a bi shi da kindirmo, domin nono na kashe zafin barkono, abin da ruwa ba ya yi. Kunun aya kuwa yana da nauyi, ɗora shi kan tuwo zaluntar ciki ne, a bar shi sai da la'asar.

Ga kuma batun lafiya. Gwangwanin lemon gas ɗaya yakan ɗauki sukari kusan giram 35, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini.

Uwargida, jug ɗaya ya ishe ku ku biyu. Maigida, in za ka yi cefane ka tuna da citta da kanumfari. Marubutanmu kuma don Allah a bar amarya ta jiƙa zoɓo da hannunta, masu karatu suna kwaikwayon abin da kuka rubuta. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.