Yaushe Za A Ce Hanji Ya Farfaɗo?

Duk wanda ya taɓa jinyar mutumin da aka yi wa tiyatar ciki ya san tambayar da likita yake fara yi da safe: "Ya fitar da iska?" Masu jinya kan sunkuyar da kai don kunya, amma tambaya ce mai nauyi. Hanjin da aka taɓa da wuƙa yakan tsaya cik na ɗan lokaci. Idan tsayuwar ta yi tsawo, ciki ya kumbura, amai ya biyo baya, sai a zura tiyo ta hanci, a ci gaba da ƙarin ruwa, kwanaki su ƙaru, kuɗi su ƙare.

A yankin Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin abubuwan da ke kai yara ɗakin fiɗa shi ne zazzaɓin taifot. Idan ya shiga mako na biyu ko na uku ba a magance shi ba, yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta malala cikin ciki. Likita zai ɗinke hudar, ko ya yanke ɓangaren da ya lalace, wani lokaci ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki. Daga nan sai jira.

To, wace rana ce za a rubuta cewa hanjin ya dawo aiki? A nan masu bincike suka daɗe suna saɓani. Wani yana ƙirga ranar fitar iska, wani ranar bahaya ta farko, wani ranar da ya ji ƙugin ciki, wani kuma ranar sallama. A 2013 masu bincike a Jami'ar Auckland ta Niyu Zilan suka tattara rubuce-rubucen da aka yi kan lamarin, suka tarar kusan kowa da tasa ma'anar. Kasuwar da kowane ɗan awo ya zo da tiyarsa ba a sanin farashin hatsinta. Shi ya sa ko abu mai araha kamar taunar cingam bayan tiyata, wanda aka gwada sau da dama, an sha wahalar haɗa sakamakonsa wuri ɗaya.

An samu ci gaba. A 2014 wasu likitoci a Amsterdam suka nuna cewa alamar da ta fi dacewa da ainihin motsin hanji ita ce haɗuwar abu biyu: majiyyaci ya ci abinci mai ƙarfi bai amayar ba, kuma ya yi bahaya. Ana kiran wannan ma'auni GI-2. A 2022 kuma aka wallafa jerin abubuwan da likitoci da majiyyata daga ƙasashe daban-daban suka amince kowane bincike kan wannan matsala ya riƙa aunawa.

Ya kamata asibitocin arewa su karɓi wannan ma'auni, amma da idonsu buɗe. Akasarin aikin an gina shi ne kan manya da aka shirya wa tiyata tun da wuri, sau da yawa don cutar daji ta babban hanji. Yaron Zurmi ɗan shekara 8 da ya iso da dare, a rame, cikinsa cike da mugunya, wani majiyyaci ne daban. Mene ne "abinci mai ƙarfi" a wurinsa? Koko ba ya ciki, amma kunu mai kauri fa, ko fura? Idan Gusau ta ƙirga kunu, Sakkwato ta jira tuwo, an koma gidan jiya. Yaro kuma ba zai iya faɗin sa'ar da ya fitar da iska ba, kuma wanda aka fito wa da hanji ta gefen ciki ba ya bahaya ta hanyar da aka saba, sai a duba jakarsa. Ranar sallama kuwa ita ce mafi yaudara. Wani uban zai ɗauke ɗansa da wuri don aljihu ya ƙare, wani ya ƙara kwana biyu don hanyar gida ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga.

Akwai masu cewa wannan duk ƙawa ce, a wurin da yara ke mutuwa don an makara kawo su, kuma ruwan sha mai tsabta da allurar riga-kafin taifot su ne maganin asali. Gaskiya suka faɗa, amma ba ta kore wannan ba. Binciken da aka wallafa a 2018 kan ƙasashen Afirka 25 ya nuna majiyyatan nahiyar sun ninka matsakaicin duniya wajen mutuwa bayan tiyata, kuma mafi yawa a kwanakin da ke biye da aikin ne. Hanjin da ya ƙi motsi har kwana na 4 ko na 5 yana iya zama alamar cewa ɗinki ya saki ko wata huda ta ɓullo. Ma'aikaciyar jinyar da ke da takarda mai bayyanannun tambayoyi za ta fi saurin kiran likita.

Aikin ba ya buƙatar na'ura. Likitocin fiɗa na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da na asibitocin koyarwa na Sakkwato, Shika da Kano, za su iya zama su tsayar da shafi ɗaya: sa'ar da aka gama tiyata, sa'ar bahaya ta farko, abincin da aka yarda a kira mai ƙarfi da sunansa na Hausa, ranar da aka cire tiyo ko aka mayar da shi, da ranar da likita ya ga majiyyaci ya isa sallama, dabam da ranar da ya tafi.