Hukunci A Takarda Ba Kuɗi Ba Ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai masu ci su share baki. Ka yi aike, ka tura dattawa, ka kai wurin mai unguwa, shiru kake ji. Daga nan yawancinmu sai mu ruga caji ofis, alhali kuwa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi zalla.

Hanyar dai kotu ce. Jihar Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sawu a 2019, kuma ba lalle sai da lauya ba. In an kai wa mutum sammaci ya ƙi zuwa, alƙali yana da ikon duba shaida ya yanke hukunci a bayan idonsa. Madalla.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙa. Hukunci ya fito, mutumin naka ko gezau. Dole mai bin bashi ya sāke komawa neman izinin kwashe kaya a yi gwanjo, ko umurnin a riƙe kuɗin da ke banki. Kowanne da nasa caji, har kuɗin motar kwasar kaya. Kafin masinjan kotu ya iso, kaya sun ƙaura gidan suruki, asusu kuwa wayam.

Ya kamata manyan alƙalan jihohi su manna farashin kowane mataki a bangon kotu, da Hausa, su kuma yanka wa masinjoji kwanakin da za su zartar da hukunci.