Hutun hunturu: Lissafin da ke gaban iyalan Gwangwan kafin ziyarar birnin Kano

A garin Gwangwan da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, watan Disamba ne lokacin da magidanta suka fi samun sararin kai iyali birni. An gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, makarantu kuma sun ba da hutun zangon farko. Sai dai ziyarar da a da ake yanke shawararta dare ɗaya, yanzu sai an zauna an yi mata lissafi.

Tushen sauyin a bayyane yake. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota daga Rogo zuwa Kano ta Ƙaraye ya bi sahu. Magidancin da zai tafi da mata da 'ya'ya huɗu kujeru da dama zai biya, zuwa da dawowa. A cikin birni ma, tun da aka haramta acaɓa a 2013, Adaidaita Sahu ce abin hawan talaka, kuma kowace fita da kuɗinta.

Manomi kuwa da hatsi yake biyan wannan duka. Ga shi a kaka ne masara da dawa suka fi araha. Buhun da aka sayar a Disamba domin yawon birni, shi ne za a nema da tsada idan damina ta faɗi.

Ɗaya ɓangaren nauyin yana kan mai masauki, wanda galibi ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa. Gwamnatin Kano ta amince da Naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma ciyar da baƙi shida na mako guda kan girgiza irin wannan albashi. Kunya ba ta barin kowa ya faɗa, sai a rabu kowa da abin a ransa.

Duk da haka, barin ziyarar ma asara ce. Yaron da ya hau Dutsen Dala, ya zaga Gidan Makama, ya ga marinar Ƙofar Mata da namun dajin Gidan Zoo na Audu Bako, ya samu darasin da allo ba ya bayarwa. Yawancin wuraren nan kuɗin shigarsu bai kai na mota ba.

Mafita ita ce a yi magana tun da wuri: a tsayar da rana da adadin masu zuwa, a taƙaita kwanaki, baƙo ya zo da ƙunshin hatsinsa, mai gida ya ɗauki zirga-zirgar cikin gari. A kuma tafi da safe, bayan hazo ya washe, da rigunan sanyin yara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A bana dai ƙafar sai da tanadi.