Injin ƙyanƙyasa ba ya saka ɗan tsako a ƙwan da ba shi da zakara



Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta turo min: "Malam, wace cibiya ce ke ba da tallafin kiwon kaji?" Cibiyoyin renon sababbin kamfanoni ake nufi, waɗanda Turawa suka raɗa wa sunan injin ƙyanƙyasa. Sunan ya dace, kuma mu masu kiwo mun fi kowa gane shi. Ka zuba ƙwai a inji, ka ba shi zafi digiri 37.5, ka riƙa juya shi har kwana 18, a kwana na 21 ka ji kukan tsaki. Amma in ƙwan bai da zakara, ko wata guda ya yi a ciki, ɗoyi kawai za ka kwasa. Ra'ayina kenan a kan waɗannan cibiyoyi: suna da amfani, ku je, amma ku je da ƙwai mai rai.

Ba sai an tafi Legas ba. A nan Tarauni, a Farm Centre, akwai Cibiyar Renon Fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke ƙarƙashin hukumar NBTI, tana nan tun shekarun 1990. Da yawanmu muna zuwa gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ba mu taɓa leƙa ta ba. Akwai kuma CITAD, da Startup Kano, da Blue Sapphire Hub, duk a cikin garin nan, ɗan Gyadi-Gyadi adaidaita sahu ce tsakaninsa da su. Abin da irin waɗannan wurare suka fi bayarwa shi ne horo, wurin aiki, shawara kan rajistar CAC da ta NAFDAC, da haɗa ka da mutanen da kai kaɗai ba za ka kai gare su ba. Kuɗi, in ma akwai, shi ne na ƙarshe.

To mene ne ƙwai mai rai? Littafin lissafinka. Na karanta harkar kasuwancin noma a jami'a, amma wallahi littafi mai shafi arba'in ya fi kwalin digiri magana a gaban mai zuba jari. Burola nawa ka saka, nawa suka mutu, a wane sati? Buhu nawa suka ci kafin sati shida? Abinci shi kaɗai yana lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, in ba ka san naka ba, ba ka san ko riba kake ci ba. Mai tarwaɗa kuma, nawa ka zuba, nawa ka kwashe bayan wata biyar ko shida, kilo nawa? Wa ya saya, hannu da hannu ko bashi? Wanda ya yi zagaye uku da kaji hamsin a bayan gida ya rubuta komai, ya fi mai takarda shafi talatin kan gonar kaji dubu goma da ba ta da ko bulo ɗaya.

Wani zai ce ai waɗannan wurare na 'yan kwamfuta ne, ina ruwansu da kashin kaji? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta fi karkata ga kamfanin da aikinsa ya dogara da fasahar zamani, mai rajista, wanda bai wuce shekara goma ba. Kiwon kaji zalla ba ya shiga wannan layi. Amma matsalolinmu suna shiga. Zafin Maris da Afrilu da ke kashe burola a Kano, rigakafin Gumboro da Lasota da ke lalacewa saboda babu wutar firji, dillalin da ke yanka maka farashi don ya san kifinka ya isa kwasa kuma kullum ci yake ƙarawa. Mai haɗa firji mai sola, mai ƙera murhun bandar kifi, mai manhajar haɗa masu kiret ɗin ƙwai da masu shayi, duk mu suke buƙata. ThriveAgric, da ya samu shiga shirin Y Combinator na Amurka a 2019, manoma ne kasuwarsa. In ba mu shiga ɗakin ba, wasu ne za su zauna su tsara mana maganin ciwon da ba su taɓa ji ba.

Su ma cibiyoyin ina da kira gare su: a yi wani horon da Hausa, kuma a fito a zo bakin keji da bakin kududdufi. Matar da ke kiwon kaji ɗari a tsakar gida a Tarauni 'yar kasuwa ce, ko ba ta iya jawabi da Turanci ba.

Sannan a yi hattara. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ta WhatsApp za a ba ka tallafi, ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya tukuna.

Shawarata: ka fara da abin da za ka iya ciyarwa, ka sayi littafi yau, ka kammala zagaye biyu ko uku, sannan ka ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin cibiyoyin nan, ya faɗa mana abin da ya samu, a ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.