Ranar da Wanzami Ya Mayar da Ƙaho Zabira

Duk wanda ya taso a gidan yawa irin namu ya san daren hunturu da nasa sautin. Akwai tarin tsofaffi, akwai garwashi yana ƙas-ƙas a kasko, akwai iska tana kaɗa asabarin ƙofa. A gidanmu kuwa har da kukan ɗan baffana, sa'ana, wanda muke kwana tabarma ɗaya a ɗakin Kaka. Da zarar sanyi ya sauka sai ya kama murƙususu yana dafe da ƙwauri, yana cewa ana sara masa ƙashi da gatari. Idanunsa su yi ruwan ɗorawa, tafin hannunsa ya yi fari fat. Yayyensa biyu sun koma tun ba a yaye su ba, saboda haka unguwa ta riga ta yanke hukunci, ɗan wabi ne. Kun tuna yadda ake yi wa irinsu: a kai jariri juji a ajiye, wata ta ɗauko shi ta ce tsintarsa ta yi, sunan Ajuji ya bi shi har girma. Wasu suka ce amosanin ƙashi ne, wasu suka ce iska ce, wasu kuma suka rage murya suka ambaci maita.

Kaka ba ta shiga wannan gardama. Tana da wata baƙar tukunya da ba a taɓa yin miya a cikinta ba. A ciki take dafa karan dafi har ruwan ya yi ja wur, ta tace, ta ba shi safe da yamma, ta ce jini yake ƙarawa. Kununsa ma daban ne, tana barbaɗa masa masoro da kanumfari da citta. Ta hana shi wankan kududdufi, ta hana shi wasa cikin ruwan sama, kuma duk inda ta gan shi sai ta miƙa masa moɗa ta tsare shi har ya shanye. In dare ya yi ta gasa masa ƙafafu da tsumma mai ɗumi, ta mulke su da man kaɗanya. Sai da na girma na ji likita yana lissafa wa wata uwa abin da za ta kiyaye: kada yaro ya sha sanyi, kada ya zauna da ƙishirwa, kada a yi sakaci da zazzaɓi. Na ce a raina, Allah Ya jiƙan Kaka, ba ta san baƙi ba, amma ta karanci jikanta.

Wata shekara ciwon ya tsananta, kwana uku ba barci. Baffa ya aika aka kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana kaciya ya kuma yi wa iyayenmu aski, a zo a kafa wa yaron ƙaho a zuƙe mataccen jini. Tsohon ya zo da zabirarsa, ya zauna a zaure, har ya jera aska da ƙahoni a kan buzu. Da aka fito da yaron sai ya tsaya yana kallonsa. Ya ja fatar idonsa ƙasa ya leƙa, ya danna farcensa ya saki, ya shafa cikinsa ta ɓangaren hagu inda saifa take. Daga nan ya fara tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam," ya ce da Baffa, "wannan ba aikina ba ne. Yaron nan jini yake nema, in na ɗebi ko cikin cokali na cuce shi. Ku kai shi asibiti tun rana ba ta yi ba."

Baffa ya miƙa masa goro da 'yan sulalla na wahalar zuwa. Ya karɓi goron, ya ture kuɗin, ya ce ba a cin ladan aikin da ba a yi ba.

Wannan maganar nake tunawa duk ranar da na bi ta tasha ko bakin kasuwa na ji lasifika a kan mota tana rantsuwa. Jarka ɗaya, wai tana maganin basir da sanyi da ciwon sukari da hawan jini da sikila, a sha kwana bakwai a rabu da ciwo har abada. Yanzu ma sun bar tasha sun shigo mana ɗaki ta Facebook da TikTok. Wani zai ɗaga kwalba ya nuna lambar NAFDAC, alhali rajistar da hukumar kan fara yi wa maganin gargajiya shaida ce cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba ta ce yana warkar da abin da aka lissafa ba. Mai lasifika bai san sunanka ba, gobe yana wata kasuwar. Wanzaminmu kuwa da mu zai yi sallar Magariba, in ya yi kuskure a gabansa za a ɗauki gawar. Mun riƙe kalmar gargajiya, mun saki amanar da ke cikinta.

A asibitin garinmu aka ɗebi jinin yaron, aka ƙara masa jini leda guda, muka fara jin kalmar sikila. A hankali muka fahimci abin. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana kai kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya, shi ne saran gatarin da yake faɗa, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jini ba ya isa. Gado ne daga uwa da uba. Idan dukansu biyu suna ɗauke da rabin abin, wato AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cikakken ciwon. Ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da wannan rabin, kuma jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ciwon kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Nakan zauna in yi ta lissafin iyaye mata nawa muka kira wabi, tsofaffi nawa muka yi wa kallon mayu, a kan abin da ke cikin jininmu tun kaka da kakanni.

Asibiti ya ceci ransa, wannan ba na musu. Sai dai a ranar ne kuma aka yi mana wata ɓarna da ta daɗe. Wata ma'aikaciya ta ga kwalbar jan ruwa a hannun Kaka, ta daka mata tsawa a gaban jama'a, ta ce irinsu ne suke kashe yara da jiƙe-jiƙe. Kaka ba ta tanka ba. Ta sa kwalbar cikin zani, kuma daga ranar duk likitan da ya tambaye ta ko ana ba shi wani abu a gida sai ta ce a'a. Har gobe haka muke yi. Mai ciwon sukari yana shan ƙwaya yana shan garin ɗaci a ɓoye, sukari ya faɗi warwas, likita ya rasa dalili. Mai hawan jini ya ga layi ya yi tsawo, kuɗin magani ya ninka, likita bai ko ɗaga kai ya dube shi ba, sai ya koma wurin wanda zai shimfiɗa masa tabarma ya saurare shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Kafin mu zargi mai kamawa, mu dubi wanda ya bar shi a ruwan.

Abin da ke ba ni takaici a gardamar na gida ko na asibiti shi ne yadda muke yi kamar jiya muka fara tunani a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido, duk da nauyin mulki da ke kansa. Ƙwayoyin asibitin ma da yawa daga saiwa da ganye suka fito. Metformin da masu ciwon sukari ke haɗiya kullum, asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan marasa lafiya a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga dangin tazargade wata masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tato shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Namu labarin ya fi waɗannan kusa da zuciyata. Wani malamin coci daga ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, yana da haɗin da yake ba masu sikila. Maimakon a kore shi, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta zauna da shi aka yi yarjejeniya a rubuce. Aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya, aka wallafa sakamako a 2001 cewa yana rage yawan tashin ciwon. Sunansa Niprisan, daga baya ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Ranar da na ji abubuwa huɗun da ke ciki sai da na ajiye abin da ke hannuna: masoro, kanumfari, wani itace dangin madobiya, da karan dafi. Uku daga ciki suna ɗakin Kaka. Ba zan ce tukunyarta ita ce wannan magani ba, domin ita da ido take awo, yau ya yi kauri gobe ya tsinke, kuma babu wanda ya taɓa ƙirga yara nawa ya yi wa amfani. Amma hancinta ya shinshino hanya, kuma da a ce ranar nan an tambaye ta abin da ke cikin kwalbar maimakon tsawa, da an ƙaru da ita.

Ɗan baffana ya sha wannan maganin, ya ce ya ga sauƙi. Bayan 'yan shekaru kamfanin da ke yinsa ya durƙushe, magani ya ɓace daga kantuna, muka yi ta aike Abuja da Legas ana dawowa hannu rabbana. Ya koma kan abin da ya saba, ƙwayar ƙarin jini, rigakafin zazzaɓi, ruwa da bargo. Bai taɓa yarda da mai cewa zai raba shi da ciwon cikin mako ba. Yakan ce shi da sikila zaman kishiyoyi suke yi, ba saki, sai dai kowa ya san halin kowa. A zamaninsa warkewa ɗungurungum sai da dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin gida irin namu. Ya rasu yana da shekara arba'in da 'yan kai, shi da aka ce ba zai ga kaciya ba. Bai ga abin da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ba, inda suka nuna ana iya duba jijiyoyin kan yaro da na'ura a gano wanda shanyewar ɓarin jiki ke haƙo, a ba shi ƙwayar haidiroksiyuriya a tare abin tun bai zo ba. Da ya gani da ya yi murna, don yana son yara.

Ya bar 'ya mace guda, kuma tun tana ƙarama ya gaya mata AS ce, ya gaya mata abin da hakan ke nufi. Da aurenta ya tashi ni ne waliyyi. Jihar Kano ta riga ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma ko babu doka ya bar mini wasiyya. Magabatan yaron da ke nemanta suka zo da goro da alawa, aka gaisa, aka yi addu'a, babban cikinsu ya sa hannu aljihu zai fito da kuɗin gaisuwa. Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, takardar asibiti nake so in fara gani." Zauren ya yi tsit. Can sai wani ƙanen uban yaron ya zaro ta daga aljihun gaba, a ninke huɗu. Na sa tabarau, na matsa bakin ƙofa inda haske yake, na ga AA, babu ko rabin abin. Hannuna yana rawa na mayar masa da ita, na ce a shigo da ruwa, a kira liman.