Kasadar da kamfani ke ɗaukar nauyi

Malam Edita,

Bidiyoyin kasada da ke yawo a wayoyin 'ya'yanmu ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 14 ga Oktoba 2012, Felix Baumgartner, ɗan ƙasar Ostiriya, ya diro daga nisan kusan kilomita 39 a samaniyar New Mexico ta Amurka. Kimanin mutum miliyan 8 suka kalla kai tsaye a YouTube, ga tambarin Red Bull ɓaro-ɓaro a hularsa da rigarsa. Masu kallo ne suka yi ta tura wa juna, suna yi wa kamfanin talla kyauta. Wayo kam an yi shi.

Sai dai gajeren bidiyo ba ya nuna shekarun atisaye, da injiniyoyi da likitocin da ke bayansa. Kuma duk da shiri akan samu matsala: a 2022 matuƙa biyu suka gwada musayar jirage a sararin Arizona, jirgi ɗaya ya faɗi, hukuma ta ƙwace lasisinsu.

Yaronmu kuwa da ke ɗaga tayar babur a kwalta, abokinsa na ɗauka don TikTok, ko hular kwano ba shi da ita. In ya karye, mahaifinsa ne zai nemo kuɗin ɗori.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya