Albattani ne, ba Albategnius ba

Daren bakwai ko takwas ga wata, sa'ad da iyakar haske da duhu ta ratsa tsakiyar farin wata, duk mai ƙaramin madubin hangen nesa zai iya ganin wani makeken rami can kudu kaɗan da tsakiya. Faɗinsa ya kai kilomita 130, wato ya fi rabin tafiyar da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram. Wani dutse ne daga sararin samaniya ya faɗa wa wurin tun zamani mai nisa, ƙarfin dukan ya ture ƙasa gefe ta zama ganuwa mai hawa-hawa. Ta arewa maso gabas ganuwar ta haura mita 4,000, ninki biyu ke nan na tsaunin Bagzan da ya fi kowane tsayi a Nijar. Cikin ramin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, sai wani tsauni mai kimanin kilomita ɗaya da rabi da ya tashi kusa da tsakiya. Irin wannan tsauni yana fitowa ne idan ƙasar da aka danna da ƙarfi ta yunƙuro sama bayan dukan, kamar yadda ruwa ke tsalle idan aka jefa tsakuwa a tafki. Masana da dama suna ganin wannan rami ne Galileo ya zana a littafinsa na 1610.

A taswira an rubuta masa Albategnius. Giovanni Riccioli, malamin kirista daga Italiya, shi ya raɗa masa sunan a 1651, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya kuma ta tabbatar da shi a 1935. Mai sunan na asali shi ne Muhammad bin Jabir al-Battani, wanda ya yi aikin auna taurari a birnin Raƙƙa na Siriya, ya rasu a 929. Ya ƙiyasta shekarar rana a kan kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, kuskurensa bai kai minti uku ba. Da aka fassara littafinsa zuwa Latin a ƙarni na 12 sai aka sa wa sunan riga irin ta Latin: shaddar da ke kan "t" ta faɗi, dogon wasali ya canza, aka liƙa ɗafa-ƙeyar "-us" wadda ke nuna namiji a nahawun wancan harshe.

Abin tambaya shi ne wane suna ya kamata ya shiga rubutun Hausa. Batun ya wuce na ado, domin tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga matsayin Hausa a Nijar, buƙatar littattafan kimiyya cikin harshen sai ƙaruwa za ta yi, kuma kalmar da ta riga shiga littafin makaranta da wuya take fita. Marubucin da ya yi karatu da Faransanci zai kwafo abin da ya gani, ya karanta "gn" yadda Bafaranshe ke karantawa, ya ƙare da "Albateniyus", sunan da Balarabe ba zai gane ba, mutumin Roma ma da zai dawo ba zai gane ba. Sunan ya bi ta Latin, ya bi ta Faransanci, sa'an nan ya iso Hausa a gurguje, alhali tsakanin Larabci da Hausa hanya a buɗe take shekaru aru-aru. Harshen da ya haɗiye alƙali da alƙalami da albasa, wanda ya saba da Buhari da Almagili, ba zai yi tuntuɓe da Albattani ba. Gaɓoɓin kalmar huɗu duk sun dace da tsarin gaɓar Hausa, shaddar tana nan daram kamar ta "littafi", ta kuma ƙare da wasali kamar yadda yawancin kalmomin Hausa ke ƙarewa.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Sunan hukuma ɗaya ne a duniya, ɗalibin da ya san Albattani kaɗai zai nema a taswira ya rasa. Gaskiya ne, maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a kawo siffar Latin sau ɗaya a farkon ambato, a ci gaba da ta Hausa. Faransawa kansu ba su ɗaure wa sunan hukuma gindi ba, suna fassara Mare Tranquillitatis zuwa harshensu ba tare da kowa ya ce sun saɓa ƙa'ida ba. Mutumin da ya cika takarda da Zinder ya koma gida yana cewa Damagaram ya san suna biyu na iya zama a kan wuri ɗaya lafiya.

Ita ma Ƙungiyar ta sauya salo daga baya. A 1976 ta sa wa wani ƙaramin rami mai faɗin kilomita 11 ko 12 sunan Ibn Battuta yadda yake, ba rigar Latin, shi kuwa matafiyin ya sauka a Takadda ta ƙasar Ayar a 1353, har ya ambaci inda ake kai tagullarta. Tsofaffin sunaye ne suka maƙale a siffar Latin: Alhazen a maimakon Ibn al-Haisam, Azophi a maimakon al-Sufi, Arzachel a maimakon al-Zarƙali.

Sai dai gyaran yana da iyaka. Ana mayar da suna ne inda Hausa ke da hanya kai tsaye zuwa tushensa. A gefen yamma na ganuwar Albattani akwai wani rami mai faɗin kilomita 44 da ya gutsure ta, sunansa Klein, na wani masanin taurari Bajamushe. Wannan ba shi da wata siffa da Hausa ta riga ta sani, don haka Klein za a rubuta, a koya wa ɗalibi furta shi "Kilain".